Kafin mu kama hanyar gida da hunturu, mu duba hita fulog ɗin motocinmu na dizal



Duk shekara idan Disamba ta kama, labari iri ɗaya ne ke dawo mana daga hanya. Mota ta tashi daga Agege ko Mile 12 ko Sabon Ibadan lafiya lau, ta wuni tana gudu ba ko tari, an kwana a Jos ko Zariya ko Funtuwa. Da asuba direba ya murɗa makulli, kik na juyawa, inji ya ƙi kamawa. A sake murɗawa, farin hayaƙi ya turnuƙe bayan mota, warin ɗanyen gas ya cika wurin. Kafin a yi sau biyar ko shida batir ya kwanta. Daga nan sai neman masu turi, ga fasinja na ƙorafi, ko kuma ga tumatir da aka loda tun jiya yana jiran rana ta fito ta fara dafa shi. Wanda kuma tsautsayi ya sa ya kashe inji a wani daji tsakanin Mokwa da Tegina da tsakar dare, kowa a nan ya san abin da ke cikin ransa lokacin da mota ta ƙi tashi.

Idan an dawo ana ba da labari sai a ce sanyi ne. Mu dai ba mu yarda sanyi ne ya lalata motar ba. Sanyi asiri kawai ya tona. Ciwon tun daga Legas muka ɗauko shi, watakila ma ya shekara a jikin motar, zafin Kudu ne ya rufa mana shi. Abin da ya fi ba mu takaici kuma shi ne abin da ke biyo baya: a shiga gareji a fara canje-canjen kaya da ka. Yau batir, gobe nozul, jibi a sauke injekta famfo a kai wa mai gyara, alhali ƙarfen da ya mutu bai fi tsawon biro ba, kuma gwajinsa bai wuce minti goma ba.

Sai mun fahimci yadda injin dizal ke kama wuta kafin maganar ta zauna. Motar fetur tana da fulogin da ke ƙyasta wuta. Dizal ba shi da wannan. Fistin ne ke matse iska, ya mayar da ita kamar kashi ɗaya cikin 16 zuwa 22 na girmanta, matsin ya sa ta yi zafi har sama da digiri 500, sannan nozul ya fesa gas a ciki ya kama da kansa. Wato zafin matsi shi ne ashanar. To idan inji ya kwana a sanyi, ƙarfen silinda da kan inji sun yi sanyi ƙalau, suna shanye zafin nan kafin ya kai inda ake so. A nan ne hita fulog ke shigowa. Idan ka murɗa makulli ka ga 'yar fitilar nan mai kama da naɗaɗɗiyar waya ta kama a dashbod, a lokacin wuta ke tafiya cikin fulogin, bakinsa ya yi ja zur, zafinsa ya kai digiri 850 zuwa 1,000 cikin 'yan daƙiƙoƙi. Gas ɗin farko da ya taɓa shi sai ya kama.

Motocinmu kuwa iri biyu ne a wannan fannin, kuma bambancin shi ke yaudarar mutane. Tsofaffin injina irin su 2L da 3L da 5L na Toyota Hiace da Hilux, da 4D56 na Mitsubishi L300 da Pajero, da Fijo 504 da 505 masu dizal, da Marsandi 200D da 240D da 190D, gas ɗinsu ba kai tsaye yake sauka kan fistin ba. Akwai wani ɗan ƙaramin ɗaki a cikin kan inji, a nan ake fara fesa shi. Ɗakin nan yana zubar da zafi sosai, saboda haka irin waɗannan ko a Legas ma da safe suna son hita. Idan fulogi biyu sun mutu za ka ji a jikinka. Amma na baya-bayan nan, irin TDI na Golf da Sharan da Passat, da D-4D na Toyota, da CDI na Sprinter, kai tsaye suke fesawa, kuma da ƙarfi. Waɗannan ko duka fulogi huɗun sun mutu za su tashi a Legas da bugu ɗaya, domin daren Legas da wuya ya sauko ƙasa da digiri 20. Mai mota zai shekara biyu yana yabon motarsa bai san komai ba. Ranar da ya kwana a Jos cikin Janairu, inda asuba kan sauko wajen digiri 10 ko ƙasa da haka, ranar zai sani. Ga shi Jos tudu ce, kimanin mita 1,200 sama da teku, iskar can ba ta kai ta Legas kauri ba, abin da fistin zai matse ya ragu. Masu hawa Mambila zuwa Gembu sun fi kowa sanin wannan.

Akwai maganar da muka sha ji a gareji: “Oga, wannan na Turai ne, mu nan ba mu da ƙanƙara, a bar shi kawai.” Da wannan hujjar ce ake cire tamostat daga motocin tokumbo tun ranar da suka fito daga tashar jiragen ruwa. A yi adalci, akwai ɗan gaskiya a ciki. Gas ba ya daskarewa a tankinmu kamar yadda yake yi a Jamus ko Kanada, domin sai sanyi ya kusa digirin da ruwa ke zama ƙanƙara kafin hakan ta faru. Don haka wanda ya tallata maka kwalbar maganin hana daskarewar gas a Nijeriya kuɗinka kawai yake so. Amma hita fulog ba don ƙanƙara aka yi shi ba. Don injin da ya huce aka yi shi, injin kuwa a Kano ma yana hucewa. Bugu da ƙari, a yawancin motoci fulogin yana ci gaba da aiki na ɗan lokaci bayan inji ya tashi, don rage hayaƙi da kakkarwa. Wannan rawar da wasu motocinmu ke yi da safe kamar mai zazzaɓi, har madubi na kaɗawa, sau da yawa daga nan take.

To ta yaya za a gane? Mu a ganinmu kafin a ɗauko sifana, kunne da ido da hanci sun isa su raba matsalar gida uku.

Fara da kunne. Idan kik na juyawa a hankali, kamar mai jan buhu, to kada ma a taɓa hita tukuna. Dizal yana bukatar juyi mai sauri, in ba haka ba zafin matsin zai tsere kafin gas ya iso. Batir mai lafiya da ya kwana zai nuna kusan bolt 12.6 a mita. Idan ya nuna 12.2 rabin caji ne. Lokacin da ake buga kik kuma bai kamata ya faɗo ƙasa da 10 sosai ba. Sanyi na rage wa batir ƙarfi daidai lokacin da aka fi bukatarsa, ga fulogi huɗu kowanne na jan amfiya 10 zuwa 20 kafin ma kik ya karɓi nasa. A duba kawunan batir, wannan farin garin da ke taruwa a kansu, da wayar da ta haɗa batir da jikin mota da inji. Mun ga batir sabo fil da aka saya a banza, ashe noti ɗaya ne ya saki. Sai kuma baƙin mai. Al'adarmu ta zuba 20W-50 a kowace mota ba tare da duba abin da kamfani ya rubuta ba tana da nata laifin, domin da asubar hunturu mai kaurin nan kamar zuma yake zama, kik na fama da shi.

Idan kuma kik na gudu da kyau, inji bai kama ba, sai a sa yaro ya tsaya bayan mota ya kalli salansa. Babu hayaƙi ko kaɗan? To gas ba ya isowa, hita ba shi da laifi. Mafi yawan lokaci iska ce ta shiga layin mai. Wata 'yar roba ta tsage, ko wajen filta bai zauna ba, ko ƙananan tiyon da ke tsakanin nozul da nozul sun bushe, cikin dare gas ya sulale ya koma tanki. Gwajin ba ya cin ko kwabo: yawancin tsofaffin motoci suna da ɗan famfon hannu a saman filta. Danna shi har ya yi tauri, sannan ka buga. Idan ta tashi nan take, ka kama ɓarawonka. Alamar wannan ciwon ita ce mota ta kama na daƙiƙa biyu ta mutu, sannan ta ƙi, kuma ba ruwanta da sanyi, dogon kwanciya ne matsalarta. Ko a Fatakwal aka ajiye ta kwana biyu haka za ta yi. Tunda an ambaci Fatakwal, 'yan uwanmu da ke can sun san gas ɗin daji da ake dafawa ba bisa ƙa'ida ba, da wanda ake gauraya wa kananzir. Arha ce mai tsada. Ba ya kamawa da wuri, yana toshe filta, ruwan da ke cikinsa kuma yana cin famfo.

Na ukun shi ne namu: kik na gudu, farin hayaƙi na fita yana warin ɗanyen gas. Gas ya iso, zafi ne babu. Idan daga baya ta kama tana ɗingishi kamar da silinda uku, bayan minti ɗaya ta daidaita, kuma duk wunin ranar bugu ɗaya take tashi, to zargi ya koma kan hita, ko kuma matsin injin kansa.

A nan ne muke roƙon 'yan uwa su tsaya kan rewaya su ga an yi gwajin da idonsu. Kada fitilar dashbod ta ruɗe mu. A motoci da yawa fitilar tana kamawa ta mutu a kan lokacinta ko da fulogin duka sun ƙone, domin ba ta san halin da suke ciki ba. Abu na farko, a sa fitilar gwaji ko mita a kan wayar ko ƙarfen da ya haɗa kawunan fulogin, a murɗa makulli. Wuta ta zo? Idan ba ta zo ba, a koma baya: akwai babban fiyus na hita, akwai rile. Idan duka huɗun sun daina aiki rana ɗaya, da wuya a ce su ne suka mutu tare, galibi fiyus ne ko rile. A sababbin motoci akwai kuma sensar da ke gaya wa biren bos zafin ruwan inji. Idan ta lalace tana cewa inji da ɗumi alhali ya yi sanyi, biren bos ba zai ma kunna hita ba. Na'urar da ake jona wa mota tana nuna wannan, tana kuma fitar da lambobi irin P0380, ko P0671 zuwa P0674 da ke nuna silindar da fuloginta ya samu matsala.

Idan wuta na zuwa, sai a cire wayar daga kan kowane fulogi, a juya mita zuwa om, tsinke ɗaya a kan fulogin, ɗaya a jikin inji. Mai rai zai nuna ɗan ƙaramin adadi, wajen om 1, wani ƙasa kaɗan wani sama kaɗan. Matacce ba zai nuna komai ba, kamar ba a taɓa shi ba. Shi ke nan. Ba a kwance fulogi ko ɗaya ba, an riga an san gaskiya.

Mun nanata “ba a kwance ba” da gangan. Gwajin da aka saba a gareji shi ne a zare fulogin a ɗora a kan batir a ga ko zai yi ja. Wannan yana da haɗari biyu. Na farko, ba kowane fulogi ne na bolt 12 ba. Yawancin na sababbin motoci na bolt 4.4 ne ko 5 ko 7, biren bos ne ke auna masu wutar. Har wasu tsofaffin Toyota ma suna da na bolt 6 ko 7. Ka ɗora irin wannan a kan batir kai tsaye, mai lafiya ma ka kashe shi, sannan a ce maka “ka gani ko, dama ya mutu.” Na biyu ya fi muni. Fulogin da ya shekara goma sha biyar a zaune tun daga Beljiyam, datti da tsatsa sun riƙe shi. Siriri ne, ba ya ɗaukar ƙarfi. Yaron gareji ya sa dogon bututu a sifana ya danna, sai ka ji ƙas. Rabi a hannu, rabi a cikin kan inji. Wani ɗan uwanmu mai Sprinter haka ta faru da shi ana saura kwana uku tafiya, aikin awa ɗaya ya koma sauke tof gaba ɗaya, tafiyar da ba a yi ba ke nan. Idan dole sai an cire, a fesa man sassauta tsatsa tun kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, a kunna inji ya yi ɗumi, a bi shi a hankali, gaba kaɗan baya kaɗan. Idan ya ƙi, a tsaya. Kuma ba ranar jajibirin tafiya ake wannan aikin ba.

Wajen saye, a ɗauki tsohon a tafi da shi Ladipo ko duk kasuwar da ke kusa, a karanta lamba da bolt ɗin da aka rubuta a jikinsa. Kamannin ido ba ya isa, tsawon baki ma in ya bambanta matsala ce. Bosch da NGK da Denso da Beru su ne sanannu, amma kwalinsu ma ana bugawa, don haka wanda farashinsa ya yi arhar da ba ta dace ba a bar shi. Na jabu bakinsa kan kumbura ko ya gutsure ya faɗa kan fistin. Ra'ayinmu kuma, idan biyu sun mutu a tsohuwar mota, a canza duka. Tare aka sa su, sauran ma suna hanya.

Idan batir lafiya, gas na zuwa, hita huɗu na aiki, amma har yanzu sai an sha fama da safe, to sai a yi haƙuri a ji magana mai ɗaci: matsin injin ne ya ragu. Ringi sun cinye ko bawul ba sa rufewa. Buɗe murfin zuba baƙin mai inji na aiki, idan hayaƙi na bugowa kamar tukunyar tuwo, ka fara shiri. Akwai ma'aunin matsi, a nemi mai shi a auna kafin a yanke hukunci. Ƙurar hunturu da muke bari ta shiga ta yagaggiyar filtar iska ita ke cin ringin nan a hankali.

Yanzu ga inda muke da laifi mu kanmu, ba makanikai kaɗai ba. Dabarun asuba da muka gada a tasha. A jiƙa tsumma da fetur a kara a bakin shan iska. A fesa maganin sauro. A sayi gwangwanin feshin tayar da inji a mayar da shi abincin kullum. Duk waɗannan suna kamawa da wuri fiye da gas, suna fashewa tun fistin bai gama hawowa ba, wannan ƙarar da kake ji kamar ana buga guduma a ciki ringi ne da fistin ke karɓar duka. Idan kuma akwai fulogi ɗaya mai rai da ya yi ja, feshin na iya kamawa tun a hanya ya dawo wa mai fesawa a fuska. Masu cewa mota ta “saba” da feshi ba ta tashi sai da shi, ba sabo ba ne, feshin ne ya ƙarasa cinye matsin da ya rage. Masu hura wuta a ƙarƙashin inji kuwa, da tiyon gas a gefe, ba mu da abin cewa sai Allah ya kiyaye. Turi ma ba kyauta ba ne: a motar da ke da belin tayimin, fizgar da ake yi idan an saki kuloci na iya sa bel ya tsallake haƙori, fistin ya gamu da bawul.

Sai maɓallin hannu da rewaya kan ɗaura idan rile ya mutu. Ba mu ce haramun ba ne, a tsohuwar mota wani lokaci shi ne mafita. Amma a sa masa rile da fiyus, kuma direba ya san daƙiƙa nawa zai riƙe. Wanda ke danna shi yana hira har minti guda, duk wata uku zai sayi sababbin fulogi yana zagin 'yan kasuwa.

Mu ne kuma ke matsa wa bakanike. “Malam, ni dai ta tashi, sauri nake.” Ba ma son biyan kuɗin bincike, sai mun ga an cire wani abu an sa wani muke jin an yi aiki. Rewayan da ya ɗauki minti ashirin da mita ya ce maka fiyus ne kawai, sai mu ba shi na ruwa muna ganin bai yi komai ba, wanda ya sauke famfo kuwa mu ƙirga masa dubbai ba gardama. Da irin wannan, wa zai ɓata lokacinsa yana gwaji? Mitar nan ba ta kai kuɗin lita goma na gas ba. Direbobi uku da ke lodi a tasha ɗaya za su iya haɗa kuɗi su ajiye guda, ɗaya ya koyi karanta bolt da om, cikin Nuwamba a bi motocin ɗaya bayan ɗaya.

Wanda kuma wannan rubutu ya riske shi ya riga ya isa gida, kuma gobe da asuba zai tayar: ka ajiye motar inda iska ba ta bugun gabanta, kusa da bango in da hali. Murɗa makulli, jira fitila ta mutu, ƙara daƙiƙa biyar, kashe, sake murɗawa, sannan ka taka kuloci ka buga. Kada ka riƙe kik fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15, ka ba shi hutun kamar minti ɗaya kafin ka sake. Idan ka lura ɗumamawa sau biyu ko uku ce ke sa ta kama, to wasu fulogin na da rai wasu sun tafi, ka nemi rewaya mai mita a garin kafin ranar komawa Kudu.